Jarrabawa, Zanen Mutum Ɗaya ko Taron Ƙara wa Juna Sani: Wanne Ya Dace da Darasin Fasalin Ƙasa a Sashen Injiniya?

Ɗalibin injiniyan gine-gine da hanyoyi, kafin ya kai aji huɗu, ya riga ya saba da tambaya mai amsa ɗaya. Ko dai ginshiƙi ya ɗauki nauyin da aka ɗora masa ko ya gaza, ko kwalbati ta wuce da ruwan ko ta cika ta tumbatsa. Ranar da aka shigar da shi darasin fasalin ƙasa sai ya tarar da wata irin tambaya: hanyar nan da za ta ratsa fadama, ta wane gefe ya kamata ta bi, wa zai rasa gonarsa, ina ruwan damina zai koma, kuma yaya wurin zai kasance ga mai kallo bayan shekara ashirin? A nan amsa mai kyau tana iya kaiwa uku, kuma kowacce tana da wanda za ta cutar. Malamin da aka damƙa wa wannan darasi yakan fi shan wahala wajen auna ɗalibai fiye da wajen koyar da su.

Abin da muke nufi da fasalin ƙasa ya wuce shuka furanni a shataletale. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sanya wa hannu a birnin Florence na Italiya a 2000 ta bayyana shi da cewa yanki ne kamar yadda mutane suke ganinsa, wanda kamanninsa suka samu daga aikin halitta da aikin ɗan Adam da cuɗanyarsu. Wato tudu da kwari, ƙasa da ruwa, itatuwa, gonaki, burtali, makabarta, kasuwa, da abin da mutanen wurin suke ɗaukar kowannensu. Kududdufan cikin birnin Kano misali ne: ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan sama, kuma duk wanda aka cike aka yi gini a kansa, ruwansa sai ya nemi wani wurin. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992 sun canza yadda ruwa ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, har ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a can, nesa ƙwarai da inda aka gina madatsun. Duk waɗannan ayyukan injiniya ne.

Hanyoyin auna ɗalibi guda uku ne a gaban malami: rubutacciyar jarrabawa, zanen da kowane ɗalibi zai yi shi kaɗai ya kare a gaban malamai, da kuma taron ƙara wa juna sani, inda ajin yake rikiɗewa ya zama ƙaramin taron masana. Za mu gwada su da aji mai mutum 60 da zangon karatu na mako 15, don lissafin ya fito fili.

Jarrabawa

Ita ce mafi sauƙi, kuma kada a raina ta. Takarda 60, kowacce minti 15 na dubawa, awa 15 ke nan an gama. Maki na mutum ɗaya ne, babu gardamar wa ya yi wa aiki. Akwai kuma abubuwan darasin da ita ce ta fi dacewa da su. A ba ɗalibi fili mai kadada 2 da ruwan sama mai ƙarfin milimita 80 a awa, a ce ya lissafa kwararar ruwa kafin a shimfiɗa kwalta da bayan an shimfiɗa. Da sananniyar dabarar nan ta ninka ma'aunin kwarara (kason ruwan saman da ke gudu a kan ƙasa) da ƙarfin ruwa da faɗin fili a raba da 360, fili mai ciyawa da aka ba ma'auni 0.3 zai fitar da kimanin kubik mita 0.13 a daƙiƙa, wanda aka rufe da kwalta mai ma'auni 0.9 kuwa 0.4, ninki uku ke nan. Wannan tambaya ce ta jarrabawa tsantsa. Haka karanta taswira mai layukan tsayi, da sanin abin da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wato doka mai lamba 86 ta 1992, ta wajabta wa mai babban aiki.

Inda take gazawa shi ne hukunci. Idan aka ce "tattauna tasirin hanya ga fasalin ƙasa", za a samu takarda 60 masu jero abubuwa bakwai iri ɗaya da aka haddace daga takardun da malami ya raba. Ɗalibin da bai taɓa tsayawa a bakin kwazazzabo ba zai iya cin maki cikakke a kan zaizayar ƙasa.

Zanen mutum ɗaya

Wannan aro ne daga sashen zanen gine-gine. Ana ba kowa fili ɗaya, a ce bakin wata hanya mai tsawon mita 500, ya fito da tsarin ciko da yanka (inda za a cike ƙasa da inda za a yanke ta), magudanar ruwa, da shuke-shuke, sannan ya manna zanensa a bango ya kare shi. A wajen zurfi babu kamarta. Ɗalibin da ya zana gangaren ciko da kansa ya san bambancin gangare mai 1 bisa 2 (saukar mita 1 a kowace tazarar mita 2) da mai 1 bisa 3: na farkon yana cin ƙasa kaɗan amma ciyawa tana wahalar kamawa a kansa, na biyun yana buƙatar ƙarin fili da ƙarin diyya amma yana zama lafiya. Ya san cewa ƙasar sama, santimita 15 zuwa 30 na farko, ana kwashe ta a tara gefe a dawo da ita bayan aiki, domin jar ƙasar da aka danne da rola ba ta fitar da komai.

Tsadarta lokaci ne. Duba aiki sau uku a kan tebur, minti 10 kowane, da kariya minti 15, da ba da maki minti 30, ya kama minti 75 ga mutum ɗaya. Ga mutum 60, awa 75. Sashen zanen gine-gine yana iya wannan ne saboda yana da ɗakin zane na dindindin da malamai da dama a kan aji ɗaya, sashen injiniya kuwa yawanci malami ɗaya ne da darasi mai kiredit biyu. Akwai wata matsalar da ba a cika faɗa ba: ɗaliban injiniya ba a horar da su zane na nuna kyau ba, don haka maki yakan bi wanda ya iya sarrafa manhaja ya fito da hoto mai ƙyalli, ko da tunanin da ke ƙarƙashinsa ba shi da ƙwari. Ƙari a kan haka, ɗalibi yakan ji kariyar mutum biyu ko uku da suka gabace shi kawai, sauran yana waje yana jiran kira. Ajin ya yi aiki 60 amma kowa ya koyi ɗaya.

Taron ƙara wa juna sani

A nan za mu daɗe, domin ita ce hanyar da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Da yawa suna ɗaukar ta a matsayin "gabatarwar rukuni" da aka saba: a raba aji, a ba da batu, a zo ranar ƙarshe mutum ɗaya ya karanta allo. Taron gaskiya yana da matakai biyar: tsakure, daftarin maƙala, bitar da ɗalibai suke yi wa maƙalun juna, gyararriyar maƙala tare da wasiƙar amsa wa masu bita, sai ranar taro.

Ga yadda yake zama a mako 15. A mako na 1 da na 2 a kafa rukuni 12 na mutum biyar-biyar, a fitar da jigon taron. Mako na 3 kowane rukuni ya miƙa tsakure na kalma 250 da ke faɗin wurin da za su nazarta, tambayarsu, da yadda za su amsa ta. Mako na 4 da na 5 ziyarar fili. Mako na 8 daftarin maƙala, shafi 6 zuwa 8, a kan tsari ɗaya da malami ya bayar. Mako na 9 bita. Mako na 11 gyararriyar maƙala. Mako na 12 taro. Makonni ukun da suka rage a bar su sarari, saboda duk wanda ya san jami'o'in Najeriya ya san kalanda tana motsi; yajin aikin malamai na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma zangunan da suka biyo baya an matse su. Idan aka sa taro a makon ƙarshe, shi ne abu na farko da za a yanke.

Jigo ɗaya, wurare daban-daban, shi ya fi. Idan jigon shi ne ruwan sama a cikin gari, rukuni ɗaya ya ɗauki kududdufin da aka cike, wani ya ɗauki rafin da aka mayar lambatun kankare kamar yadda aka yi wa wani ɓangare na rafin Jakara a Kano, wani ramin da aka bari bayan ɗibar burji, wani gindin gadar sama, wani filin jami'ar kanta. Saboda jigon ɗaya ne, kowa yana da abin cewa a kan aikin kowa. Idan aka bar batutuwa suka watse, wannan yana kan madatsar ruwa wancan yana kan filin wasa, ranar taro babu mai iya yi wa wani tambaya mai ma'ana. Kuma a taƙaita girman wuri: abin da mutum biyar za su iya zagayewa da ƙafa a yini ɗaya. Rukunin da ya ce zai nazarci dausayin Haɗeja da Nguru gaba ɗaya zai ƙare da kwafo daga intanet.

Kowace maƙala dole ta ƙunshi abu huɗu: taswirar wurin da rukunin ya haɗa da kansa, a manhajar zana taswira ta QGIS ko a kan hoton Google Earth, hotuna daga wurare aƙalla uku da aka yi wa alama a taswirar, lissafi ɗaya na injiniya, na ruwa ko na gangare ko na yawan ƙasa, da zaɓi biyu da aka gwada aka ɗauki ɗaya da hujja. Sharaɗin zaɓi biyun nan shi ne ƙashin bayan aikin. Idan babu shi, maƙalar takan zama bayanin wuri da koke a kan gwamnati. Dabarar jera taswirori a kan juna, ta ƙasa, ta ruwa, ta gidaje, ta itatuwa, don ganin inda hanya za ta fi ƙarancin ɓarna, wadda masanin tsara fasalin ƙasa Ian McHarg ya yaɗa a Amurka a shekarun 1960, tana da sauƙin koyarwa kuma tana ba ɗalibai hanyar kwatanta zaɓin biyu ba tare da dogon turanci ba. Ko da takarda mai shara-shara da alƙalami mai launi ana yin ta.

Lokacin ziyara yana canza abin da za a gani, kuma wannan ya kamata malami ya faɗa tun farko. Wanda ya je a watan Agusta zai ga ko'ina kore, zai ga inda ruwa ke kwanciya, amma zai raina matsalar ƙura da rashin inuwa. Wanda ya je a Janairu hazo zai hana shi auna nisan da ake hango gini, kuma busasshen rafi zai yi masa kama da filin banza. Gawo ma yana iya ruɗar ɗan birni: da damina yake zubar da ganye, sai ɗalibi ya rubuta cewa itacen ya mutu. Maganin wannan shi ne tsofaffin hotunan tauraron ɗan Adam na wani lokacin shekara, da kuma tambayar mazauna wurin. A ba kowane rukuni takardar gabatarwa daga sashe su kai wa mai unguwa kafin su fara ɗaukar hoto, kuma a zaɓi wuraren da ake zuwa a dawo da rana. Hirar da Hausa za a yi ta, maƙalar da Ingilishi, kuma yana da kyau a bar sunayen da mutane suke kiran wurare da itatuwa yadda suke.

Matakin bita shi ne ya raba taro da gabatarwar rukuni, kuma shi ne wanda malamai suka fi tsallakewa. Kowane ɗalibi, shi kaɗai, yana karɓar maƙalar wani rukuni da aka cire sunaye, ya rubuta shafi ɗaya. Mutum 60, maƙala 12, kowace maƙala tana samun bita biyar. Idan aka ce kawai "ku yi sharhi", abin da zai dawo shi ne "aiki ya yi kyau, a gyara rubutu". Sai an ba da takarda mai tambayoyi: mene ne babban iƙirarin maƙalar a jimla ɗaya? Sake yin lissafinsu, ka samu abin da suka samu? Wane mai amfani da wurin suka manta, makiyayi, mai tallan bakin hanya, mai lambun rani? Itatuwan da suka ba da shawara za su rayu ba ban ruwa bayan shekara biyu? Wane abu ɗaya ne idan suka gyara maƙalar za ta fi ƙarfi? Malami yana ba bitar maki, amma mai bita ba ya ba maƙalar maki. Da zarar makin aboki ya shiga hannun ɗalibi, ko dai a yi ta kara ko a yi ramuwa.

Tambayar itatuwan nan tana fito da kurakurai masu yawa. Rukuni zai rubuta "a dasa itatuwa" ya wuce. Mai bita mai lura zai tambaya wane iri, a wane tazara, wa zai kare su daga awaki. Itacen turare yana girma da sauri amma yana shan ruwa sosai, bai dace da bakin rijiya ko ƙaramar fadama ba. Darbejiya tana jure fari, da ita aka yi shingayen kare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar tun daga tsakiyar shekarun 1970, amma idan aka dasa ta dab da lambatu saiwarta tana iya ɗaga kankare. Don riƙe gangare, ciyawar jema da ake dasawa a jere bisa layin tsayi ɗaya, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, ta fi itace aiki a shekarun farko, gamba ma tana taimakawa. Irin wannan bayani, idan ya fito daga bakin ɗan aji ɗaya, yana zama a kai fiye da idan malami ya rubuta shi da jan biro.

Wasiƙar amsa kuwa gajeruwa ce: ga abin da mai bita ya ce, ga abin da muka gyara a shafi kaza, ko ga dalilin da ya sa ba mu yarda ba. Injiniya zai yi ta rubuta irin wannan wasiƙa ga ma'aikata da masu ba da kwangila har ya yi ritaya.

Ranar taro kowane rukuni yana da minti 25: 12 na gabatarwa, 10 na tambayoyi, 3 na sauyi. Rukuni 12 awa biyar ke nan, da hutun salla da abinci ya kai yini guda. A kasa shi zama uku na maƙala huɗu-huɗu, ɗalibai su riƙe shugabancin zama da kula da agogo. Dokar da ta fi kowace amfani ita ce wannan: mutum biyu ne za su gabatar, amma da ƙuri'a za a fitar da su da safiyar ranar, tambayoyi kuma malami ne yake nuna wanda zai amsa daga cikin sauran ukun. Wannan kaɗai yana rage cima-zaune fiye da duk wani gargaɗi. Shi ne kuma maganin maƙalar da aka sa ChatGPT ya rubuta, domin wanda bai je wurin ba, da an tambaye shi ta ina ruwan yake fita idan kwalbatin ta toshe, shiru zai yi. A karɓi duk fayilolin gabatarwa kwana ɗaya kafin taro a kwamfuta ɗaya, a tanadi janareta, kuma kowane rukuni ya buga taswirarsa babba a takarda don ko wuta ta ɗauke a ci gaba. Baƙo ɗaya ko biyu daga waje, injiniya daga ma'aikatar ayyuka ko malami daga sashen nazarin ƙasa ko na gandun daji, yana canza yadda ɗalibai suke shiri. A gaya wa baƙon tun farko cewa tambaya ake so daga gare shi, don kada ya mayar da minti goman lacca.

Rabon maki

Babban ƙorafi a kan aikin rukuni shi ne rashin adalci, kuma ƙorafin gaskiya ne. Tsarin da muke ba da shawara yana raba maki 100 gida biyu daidai. Na rukuni 50: maƙala 35, gabatarwa 15. Na mutum ɗaya 50: bitar da ya rubuta 20, amsar da ya bayar ko ɓangaren da ya gabatar 20, tambayoyin da ya yi wa wasu da halartar dukan zaman 10. Sannan makin rukuni a daidaita shi da kimar da 'yan rukunin suka yi wa juna a asirce: a raba matsakaicin makin da mutum ya samu da matsakaicin na rukunin, a ninka da makin rukuni, amma a tsare ma'aunin tsakanin 0.8 da 1.1. Rukunin da ya ci 40 cikin 50, wanda ya yi lalaci zai tashi da 32, wanda ya ɗauki nauyin aikin da 44. Idan ba a sa iyakar ba, mutum huɗu suna iya haɗa baki su kayar da na biyar. A yi kimar sau biyu, a mako na 8 da na 12, don wanda aka yi wa ƙorafi ya samu damar gyarawa.

Malami ne ya kamata ya kafa rukunan. Idan aka bar ɗalibai, masu ƙoƙari za su taru wuri ɗaya, masu maimaita darasi su ragu a rukuni na ƙarshe. A ajin da mata ba su da yawa, gara a sa biyu a rukuni ɗaya da a warwatsa su ɗaya-ɗaya, inda sau da yawa ake mayar da mace mai buga rubutu a hana ta lissafi da fita fili.

Nauyin da ke kan malami: tsakure 12 awa 2, ganawa da kowane rukuni sau biyu na minti 20 awa 8, daftari 12 na minti 45 awa 9, bita 60 na minti 10 awa 10, gyararrun maƙalu awa 9, ranar taro awa 7. Jimla awa 45. Ya ninka na jarrabawa sau uku, amma bai kai kashi biyu cikin uku na zanen mutum ɗaya ba, kuma yawancinsa yana faɗowa ne a tsakiyar zango, lokacin da gyara yake da amfani ga ɗalibi.

To wanne za a ɗauka?

Girman aji ne yake fara yanke hukunci. Idan ɗalibai ba su wuce 20 ba, kuma akwai ɗakin zane, zanen mutum ɗaya ya fi: awa 25 ne kacal, kuma taro mai maƙala huɗu ba ya samar da muhawara, ga shi kowa zai gane maƙalar wa yake bita. Daga 25 zuwa 80 taron ya fi dacewa. Idan aji ya kai 200, rukuni 40 za su ci kusan awa 17 na gabatarwa, wanda ba ya yiwuwa ga malami ɗaya. A nan ko dai a yi zama uku a lokaci guda a ɗakuna uku da malamai uku masu takardar maki iri ɗaya, ko a mayar da ranar taro ta fosta: kowane rukuni ya tsaya gaban allonsa, masu ba da maki suna zagayawa, minti 8 a kowane allo. Fosta tana rage zurfin tambaya amma tana riƙe bita da wasiƙar amsa, waɗanda su ne suka fi muhimmanci. Ƙara girman rukuni zuwa mutum goma don a rage yawansu kuskure ne, domin a rukunin mutum goma uku ne suke aiki.

Abu na biyu shi ne dokar jami'a. Yawancin jami'o'in Najeriya suna ba jarrabawar ƙarshe kashi 60 ko 70 cikin ɗari, su bar 40 ko 30 ga ayyukan cikin zango. Malami ba ya iya soke jarrabawa da ra'ayinsa. Abin da zai yiwu nan take shi ne a ba taron dukan makin cikin zango, a daina tsinka shi da ƙananan gwaje-gwaje, sannan a sa tambaya ɗaya ta dole a jarrabawa wadda take cewa ɗalibi ya ɗauki maƙalar wani rukuni da ya saurara ya soki zaɓinsu. Da wannan, ɗakin taro ba ya watsewa bayan kowa ya gabatar da nasa. Idan ana son rabon ya koma rabi da rabi, sai a bi ta kwamitin sashe zuwa majalisar jami'a, kuma akwai hujjar da za a kafa. Sabon tsarin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamba 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na darussa ta tsara da kanta. COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wadda ta samu matsayin mamba na wucin gadi a 2023 a yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe, tana tantance sassan injiniya ne bisa abin da ɗalibi ya iya yi bayan karatu, ciki har da aiki cikin ƙungiya, iya isar da bayani, da sanin tasirin aiki ga muhalli da al'umma. Takardar jarrabawa ba ta nuna biyun farko. Fayil mai tsakure, daftari, bita biyar, wasiƙar amsa da takardar makin ranar taro yana nuna su ga duk mai tantancewar da ya buɗe shi.

Abu na uku shi ne abin da malamin kansa ya iya. Wanda ya fito daga fannin ruwa ko hanyoyi, bai taɓa koyar da zane ba, zai sha wuya wajen gyara zanen shuke-shuke na mutum 60, amma ya san maƙala, ya san bita, ya halarci taruka. Wanda ya fito daga zanen gine-gine ko tsara birane yana iya haɗa biyun: ya sa shafi ɗaya na maƙalar ya zama zanen zaɓin da rukuni ya ɗauka kamar an yanka ƙasar ana kallo daga gefe, mai nuna gangare, magudana da tazarar itatuwa a ma'auni 1 bisa 100.

Ga wanda zai fara a karo na farko, kada ya ɗauki matakai biyar ɗin gaba ɗaya idan zangon a matse yake. Ya bar tsakure ya zama hira ta minti goma da kowane rukuni, ya rage maƙala zuwa shafi 4, amma kada ya cire bita da ƙuri'ar masu gabatarwa. Kuma ya ajiye maƙalun shekarar a ɗaure wuri ɗaya tare da taswirorinsu, domin ajin baɗi ya koma wa kududdufi ɗaya da rami ɗaya a wani lokacin shekara daban, ya ɗauki hoto daga wuraren da aka yi wa alama, ya ga abin da ya canza.